Darasin Kimiyya: Yadda Ake Bibiyar Fadamun Minna Daga Sama da Kuma Daga Ƙasa

Kafin mu kai ga tauraron ɗan Adam, sai mun fara sanin abin da muke son ya duba mana. Dausayi, ko fadama, wuri ne da ruwa ke kwanciya a kansa, ko ya cika cikin ƙasarsa har kusa da sama, na tsawon lokacin da ya isa ya sauya halin ƙasar da irin tsirran da ke iya rayuwa a wurin. A lura da sharaɗin nan na tsawon lokaci. Ruwan da ya taru a tsakar gida bayan an sheƙa ruwan sama, ya tsane kafin la'asar, bai mai da gidan fadama ba. Haka kuma ba dole ne a ga ruwa da ido duk shekara ba. Fadamu da yawa a watan Maris za ka ratsa su da takalmi ka fita bai jiƙe ba.

To, ta yaya za a gane fadama da rani? Tsirrai suna ba da labari: inda ka ga rake da gwaza da ayaba suna walwala alhali tudu ya yi ƙurmus, akwai ruwa kusa. Amma shaidar da ba ta ƙarya ita ce ƙasar kanta. Ka sa fartanya ka haƙa ramin da ya kai gwiwa. A tudu za ka ga ƙasa ja ko ruwan ƙasa, domin baƙin ƙarfen da ke cikinta ya haɗu da iskar oksijin ya yi tsatsa. A fadama kuwa za ka tarar da baƙar ƙasa a sama, ƙarƙashinta yumɓu mai launin toka, da ɗigo-ɗigon tsatsa jefi-jefi, galibi a bin sawun saiwoyi. Launin tokan yana nuna cewa ruwa ya daɗe yana hana iska shiga. Ɗigon tsatsan kuma yana nuna iyakar inda ruwan ke hawa da sauka tsakanin damina da rani. Ko da ruwan ya janye, wannan launi yana nan.

Duniya ta ɗauki lamarin da muhimmanci tun ranar 2 ga Fabrairu, 1971, da aka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a birnin Ramsar na Iran. Wurin farko da Nijeriya ta sa a jerin yarjejeniyar shi ne tafkin Nguru, kuma a 2008 aka ƙara da fadamun da ke tsakanin ƙarshen kogin Kaduna da kogin Neja, waɗanda wani sashensu ke cikin Jihar Neja. Rahoton da ofishin yarjejeniyar ya fitar a 2018 ya ce duniya ta yi asarar kimanin kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015, saurin da ya ninka na ɓacewar dazuzzuka sau uku. Sai dai fadamun da darasinmu ya shafa ba su cikin kowane jeri. Ƙanana ne, sirara, suna bin gefen rafuka a cikin gari da bayan gari, kuma ba su da mai tsaron ƙofa.

Mu dubi yadda Minna take zaune. Duwatsu sun tokare ta ta gabas da arewa maso gabas, ƙasa kuma tana gangarawa yamma da kudu. Ruwan sama da ke sauka a shekara ya kai kimanin milimita 1,200 ko fiye, daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Agusta da Satumba. Ƙarƙashin garin dutse ne mai tauri wanda ba ya shan ruwa sosai, saboda haka ruwan yakan bi gangare ya faɗa rafuka irin su Suka, ya nufi kogin Chanchaga. A kwarurrukan da waɗannan rafuka suka bi ne fadamun suke. Tun da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976 take ta faɗaɗa: ta hanyar Bida har Gidan Kwano, ta Bosso zuwa Maikunkele, ta Maitumbi, ta Chanchaga. Tudu ake fara cinyewa. Idan ya yi tsada sai ido ya koma kan kwari. Dillali ya nuna fulotin a watan Fabrairu, mai saye ya ga fili shimfiɗe a bushe kuma da araha, tifa ta kawo jar ƙasa a yi ciko, a ɗora bulo. Ba a cinye fadama a rana ɗaya. Fuloti-fuloti ake yi, shi ya sa ko mazauna unguwar ba sa iya cewa ga shekarar da ta tafi.

Me aka rasa idan ta tafi? Mu fara da ruwa, mu yi ɗan lissafi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Ruwan sama na milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, hektar nan ta karɓi lita 500,000, wato jarka 20,000 mai cin lita 25. A fadama, ciyawa tana rage wa ruwan gudu, ya bazu, ya kwanta, ya riƙa tsiyaya a hankali cikin kwanaki. A kan kwano da siminti kuwa kusan dukkansa yana faɗawa lambatu cikin mintuna, ya tarar da na maƙwabta, su dira tare a kan unguwannin gangare irin su Kpakungu da Barkin Sale. Ambaliyar da ta afka wa Minna a 1986 ce ta sa aka gina manyan magudanun kankare da suka ratsa garin, kuma sun yi amfani. Amma aikin magudana shi ne kai ruwa gaba da sauri. Ba ta riƙe shi, ba ta kuma mayar da shi cikin ƙasa don rijiyoyi su samu.

Sai zafi. Duk kilo ɗaya na ruwa da ya zama tururi yana tafiya da zafin da ya kai megajul 2.4 ko fiye kaɗan. Wannan ne sirrin randa: gumin da ke fita ta jikinta yana bushewa, yana ɗauke zafin ruwan da ke ciki. Fadama da tsirranta haka suke yi wa iskar unguwa. A watan Maris, lokacin da zafin Minna ke kusantar digiri 40, unguwar da ta fi sanyi ba ta buƙatar kunna janareta da na'urar sanyaya ɗaki kamar wadda aka shafe da siminti. Nan ne batun ya fara taɓa kabon.

A nan sai mu tsaya mu yi bayani dalla-dalla, domin nan aka fi yin kuskure. Iskar kabon dayoksaid tana fitowa idan aka ƙone fetur, ko gawayi, ko itace, ko aka gasa dutse don yin siminti. Idan ta taru a sararin sama tana tare zafin da ya kamata ya fice daga duniya. Garin da aka ce ya kai daidaiton kabon shi ne wanda iskar da yake fitarwa ba ta wuce wadda ake shanyewa a madadinsa ba. Idan aka ɗebe wannan daga wancan sai a tashi da sifili. Nijeriya ta yi alkawarin kaiwa wannan matsayi nan da 2060, a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, kuma a shekarar ce aka sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa.

Tsirrai su ne manyan masu shanyewa. Ganye yana jan kabon dayoksaid daga iska, ya yi amfani da hasken rana ya mai da shi jikinsa. Idan ganyen ya faɗi a tudu, gara da ƙwayoyin bakteriya suna cinye shi da taimakon oksijin, kabon ɗin ya koma sama cikin 'yan watanni. Idan ya faɗi cikin taɓo fa? Oksijin ba ya ratsa ruwa da sauri, ɗan wanda ke ciki kuma nan da nan ake shanye shi. Ruɓewa sai ta yi nawa. Ganyen bana ya hau kan na bara wanda bai gama ruɓewa ba, a haka baƙar ƙasar nan da muka gani a rami take taruwa. Baƙinta kabon ne da aka ajiye. Ranar da aka yanke wa fadama hanyar ruwa ta bushe, iska ta shiga, bakteriya su farka, ajiyar shekaru ta fara komawa sama.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren, wanda masu yabon dausayi sukan tsallake. A inda babu oksijin, wasu ƙananan halittu na daban suna cin ruɓaɓɓen ganye su fitar da iskar miten. Kumfar da ke tasowa idan ka caka sanda cikin taɓo, akasarinta ita ce. Miten tana riƙe zafi fiye da kabon dayoksaid kusan sau 28 idan aka auna a tsawon shekara 100, kuma dausayi shi ne babban tushenta a cikin abubuwan da ba mutum ya ƙirƙira ba. Fadamar da aka mayar juji, ruwan masai da na kwata na zuba a ciki, ta fi fitar da ita, domin an ƙara wa halittun nan abinci. Ga kuma wani abu: fadamun Minna suna bushewa rabin shekara, ruɓewa ta rama abin da ta rasa da damina. Don haka ba za a haɗa su da dausayin tsakiyar Kwango ba, inda binciken da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta kabon tan biliyan 30 a jibge. A ganina, wanda ya ce fadamun Minna kaɗai za su kai garin ga daidaiton kabon ya yi zuzutawa. Ribarsu ta kabon ta fi yawa a abin da suke hana a kashe: simintin sababbin magudanu, man janareta, gidajen da za a sake ginawa bayan ambaliya. Masana'antar siminti kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na kabon dayoksaid ɗin da ɗan Adam ke fitarwa.

Yanzu mun iso ga bibiya. Bibiya ita ce auna abu ɗaya, ta hanya ɗaya, a lokuta daban-daban, don a ga ko ya sauya. Duk kalmomin nan uku suna da nauyi, za mu ga dalili.

Hasken rana da muke gani fari, haɗin launuka ne, kuma bayan ja akwai wani hasken da idonmu ba ya gani, ana kiransa infared; akwai na kusa da ja, akwai kuma mai nisa da shi. Kowane abu a doron ƙasa yana shanye wani sashe na hasken, ya mayar da wani. Ruwa yana mayar da ɗan kore, amma yana shanye infared kusan gaba ɗaya. Ɗanyen ganye yana shanye ja, ya mayar da infared na kusa da yawa. Busasshiyar ƙasa da rufin gini suna mayar da infared mai nisa sosai. Na'urar da ke jikin tauraron ɗan Adam tana auna yawan kowane launi da ya dawo mata, ta rubuta shi da lamba. Abin da muke kira hoton tauraro, a gaskiya, tarin lambobi ne.

An raba hoton zuwa ƙananan murabba'ai, kowanne ana ce masa fiksel. Taurarin Landsat na Amurka, waɗanda aka harba na farkonsu a 1972, tun daga shekarun 1980 suke ɗaukar fiksel mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi. Murabba'in mita 900 ke nan, kusan fuloti biyu na ƙafa 50 da 100. Kowane tauraro yana dawowa wuri ɗaya bayan kwana 16, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne ga kowa. Sentinel-2 na Turai, wanda ya fara aiki a 2015, fiksel ɗinsa mita 10 ne, yana dawowa kusan duk kwana 5. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga Minna. Fadamar da faɗinta bai wuce mita 20 ba, a Landsat za ta cuɗe da gidajen gefenta cikin fiksel ɗaya, lambar da za ta fito ba ta fadama ba ce, ba ta gida ba. Saboda haka Landsat ne ke ba mu dogon tarihi, Sentinel-2 kuma ya ba mu gani na kusa a 'yan shekarun nan.

Don a raba ruwa da sauran abubuwa, ana amfani da wani ma'auni mai sauƙi: a ɗebe infared mai nisa daga kore, a raba da jimillarsu. Mu gwada da lambobin misali. Fiksel ya mayar da kore 8, infared 2. Ɗebewa ta ba da 6, tarawa ta ba da 10, amsa 0.6. Wani fiksel ya mayar da kore 20, infared 30. Ɗebewa ta ba da 10 ƙasa da sifili, tarawa 50, amsa 0.2 ƙasa da sifili. Na farko ruwa ne, na biyu rufi ko fako. Haka ake yi wa ganye da ja da infared na kusa.

Amma ma'aunin ruwa zai kama madatsar Tagwai da ta Bosso cikin sauƙi, ya kasa kama fadamar da ciyawa ta rufe. Dabarar a nan ita ce zaɓen lokaci. A Satumba ko'ina kore ne, tudu da kwari, ba a bambance su, ga kuma gajimare ya rufe sama. A Janairu zuwa Fabrairu tudu ya bushe, kwari kaɗai ke riƙe da ɗanyen ganye, sai fadamun su fito a hoto siri-siri suna bin rafuka. Shi ya sa ba a taɓa gwama hoton Oktoban wata shekara da na Fabrairun wata. Wanda ya yi haka ya auna rani ne da damina, ya kira shi asarar fadama. Domin ganin iyakar ruwa a tsakiyar damina kuma, ana komawa ga Sentinel-1, wanda aka harba a 2014. Shi rada yake amfani da ita: yana aika nasa sigina ya saurari dawowarta, gajimare ba ya tare shi, dare ma ba ya hana shi. Kwantaccen ruwa yana kautar da siginar, sai ya fito baƙi. To amma titin saukar jirage na Maikunkele ma sumul yake, shi ma baƙi zai fito.

Irin wannan ruɗu yana da yawa. Inuwar dutse tana kama da ruwa. Dajin da aka ƙona da kaka yana yin duhu. Lambun mangwaro kore ne da rani alhali a tudu yake. Ƙurar hunturu tana dusashe lambobin gaba ɗaya. Kwamfuta ba ta san komai daga wannan ba sai abin da aka koya mata: mai bincike ya nuna mata wurare da ya tabbatar, ya ce nan fadama, nan gini, nan gona, ita kuma ta rarraba sauran fiksel bisa kamanni. Daga nan dole a sa takalmi a fita. A zaɓi wurare da yawa waɗanda ba a yi amfani da su wajen koyarwa ba, a je da GPS, a haƙa, a duba, a tambayi dattijan da suka noma wurin. Idan cikin wurare 100 taswira ta dace da 85, an ce ingancinta kashi 85 ne. Duk taswirar da ba ta faɗi wannan lamba ba, ni ban ɗauke ta sakamakon bincike ba.

Idan an samu taswirar shekaru biyu ko uku, sai a ɗora su a kan juna, a tambayi kowane fiksel: da mene ne kai, yanzu ka zama me? Jimilla kaɗai ba ta isa ba. Fadamar da ta zama gonar shinkafa tana nan da ranta, ruwa na kwanciya, ana iya gyara ta. Wadda ta zama gida ta tafi. Sai kuma a duba ruwan saman shekarun da aka zaɓa. Farin 1983 da 1984 ya taɓa Arewa sosai, kuma lokacin ne hotunan mita 30 suka fara samuwa. Idan aka ɗauki shekarar fari a matsayin mafari, fadamun za su fito ƙanana tun asali, asarar da ta biyo baya ta ɓuya.

Tauraro yana ba da faɗi, amma kabon ɗin da ke cikin ƙasa sai an ɗebo samfuri an kai ɗakin gwaji. Ga yadda lissafin yake, da lambobin misali. Hekta ɗaya zuwa zurfin santimita 30 tana da ƙasa mita kubik 3,000. A ɗauka kowane mita kubik yana da nauyin tan 1.3, jimilla tan 3,900. Idan gwaji ya nuna kashi 2 cikin 100 kabon ne, akwai tan 78. Kowane tan na kabon idan ya haɗu da oksijin yana zama tan 3.67 na kabon dayoksaid, wato kimanin tan 286. Ba dukkansa ne zai fita idan an busar da wurin ba, kuma ba a shekara ɗaya ba, amma yanzu muna da lambar da za a ninka da yawan hektar da taswira ta nuna.

Masu iya wannan aiki suna nan cikin gari. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana koyar da nazarin ƙasa daga sama da tsara birane, kuma tana ɗauke da reshen shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafawa don horar da ɗaliban Afirka ta Yamma kan sauyin yanayi. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin ɗakin karatu da teburin da ake sa hannu a kan izinin gini. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka hukuma na da ikon shata iyakar fadama ta ce nan ba a gini. Amfanin taswira shi ne a buɗe ta kafin a ba da izini, kuma mai sayen fuloti ya iya ganinta kafin ya biya. Talakan da ya sayi kwari don araha shi ne zai kwana yana kwalfar ruwa, danshi ya ci masa bango, rijiyarsa ta haɗu da masai saboda ruwan ƙasa na kusa. Kigali ta Ruwanda ta nuna ana iya dawo da abin da ya lalace: ta gyara dausayin Nyandungu mai hekta fiye da 100, ta buɗe shi wurin shaƙatawa a 2022.

Za a ce fadama gidan sauro ce. Akwai gaskiya a ciki, gonakin shinkafa ma suna haifar da shi. Amma sauron zazzaɓi ya fi son ƙananan kududdufai da rana ke duka, irin ramukan da aka ɗebi ƙasar bulo da sawun tayar mota, inda babu kifi ko 'ya'yan mazari da za su cinye tsutsarsa. Fadamar da aka yi wa ciko rabi da rabi ta fi yawan irin waɗannan.

Akwai sashen bibiyar da makarantar sakandare za ta iya yi ba tare da kwamfuta ba. A zaɓi fadama mafi kusa. A kafa sanda mai alamun santimita a wuri mafi zurfi, a riƙa rubuta tsayin ruwa kowane mako, rana ɗaya. A zaɓi rijiya a gefen fadamar, a riƙa auna nisa daga bakinta zuwa saman ruwa da igiya mai ƙulle-ƙulle. A tsaya wuri ɗaya, a fuskanci gefe ɗaya, a ɗauki hoto da waya a farkon kowane wata, a ƙirga gine-ginen da ke cikinsa. A rubuta kwanan wata a kan komai, littafin kuma ya zauna a makaranta, aji ya miƙa wa aji. Shekara ɗaya za ta nuna hawa da saukar ruwa ne kawai tsakanin damina da rani. Sai an tara shekaru biyar zuwa goma za a iya raba shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci da fadamar da aka toshe wa hanyar ruwa daga sama, kuma irin wannan littafi ne mai nazarin hoton tauraro zai nema idan ya zo gwada taswirarsa.